Ciyawar Filin Hatulesi

A Hatulesi, garin masunta da manoman kanumfari a gaɓar tsibirin Ambon, yanka da aski kaɗai ba sa gama sunan ɗa namiji. Sai an tsinko ciyawa daga filin ƙwallon garin, an zubo ta a faranti, an kira mutumin da garin ya yarda ba a taɓa yin ɗan ƙwallo kamarsa ba, ya shafa ta a tafin ƙafar jaririn. Liman ya yi wa'azi a kan abin har ya gaji. Daga baya aka haifa masa nasa ɗan, shi ma ya aika a ɓoye aka tsinko masa.

Tun kafin a kawo wutar lantarki garin, Muhdar ne ake kira. Yanzu ya tsufa, yara da manya Tete suke ce masa kamar yadda ake ce wa kowane tsoho, kuma da wuya ka sami magidanci a garin wanda Muhdar bai riƙe ƙafarsa yana jariri ba. Sai dai shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba. 'Yarsa ɗaya ce, Ija, ita ma ta daɗe a gidan miji kafin ta samu. To ga shi ta haihu, namiji, an ɗaga suna sai dangin mijinta sun ƙetaro daga tsibirin Seram. A daidai lokacin ne kuma garin ya ga damar canja ra'ayi.

Safrin ne dalili, wani yaro ɗan garin da ke buga wa babbar ƙungiya a Java, ana nuna shi a talabijin da gashinsa mai launin masara. Bana da ya zo hutu, gida biyu suka tsallake Muhdar suka kira shi. Muhdar dama shi ba mai magana ba ne. Sedek ne bakinsa.

Sedek tsohon gola ne, tare suka taso da Muhdar, tare suka buga, kuma tun ranar da gwiwarsa ta hana shi tsayawa a raga ya koma tsaron sunan abokinsa. Wurin aikinsa rumfar gahawar Mama Oda, inda 'yan acaɓa da masunta ke taruwa bayan la'asar suna musu kan 'yan ƙwallon Turai da na Kudancin Amurka, na da da na yanzu, wa ya fi wa. Wannan musun ba ya cin kowa, tunda mutanen da ake yi a kansu ko a mafarki ba su san akwai Hatulesi ba. Matsalar takan taso ne in musun ya dawo gida.

Ran nan wani ɗan acaɓa, Hamja, shi ya dawo da shi.

"Tete Sedek, mu fa ba mu ce bai iya ba. Mun ce a zamaninsa ya iya. Lokacin da masu tsaron baya ke shan taba a cikin fili."

"Ubanka ne mai shan tabar," in ji Sedek. "Lamba huɗu yake bugawa. Je ka tambaye shi sau nawa Muhdar ya zaunar da shi a ƙasa."

Aka yi dariya, har da Hamja. Sedek ya gyara zama, don ya ji kasuwarsa ta buɗe.

"Ƙwallon da muka buga fata ce, da ɗinki a jikinta. In ta sha ruwa ta fi kwakwa nauyi. Taku wannan ai balan-balan ce, ko tusa ka yi mata sai ta tashi. Kuma ba takalmi, ƙafa da ƙasa. Safrin ɗin naku a cire masa takalmi a jefa shi filin nan da damina, kafin hutun rabin lokaci yana kiran uwarsa."

"Shi kuma a ba shi masu tsaron bayanku, sai ya ci goma ya dawo nan ya sha gahawa kafin su juyo," in ji Hamja. Ya ɗaga wayarsa. "Ga na Safrin nan, duk wanda ke so ya kalla. Ina na Tete Muhdar? Nuna mana ko guda."

Sedek ya ɗaga hannun hagu, ya tura musu ɗan yatsansa da ya karkace kamar ƙugiya. Shi ne shaidarsa kaɗai a duniya. Ya sake ba su labarin da suka haddace: yadda Muhdar ya ajiye ƙwallo a gindin mangwaron gefen fili, ya ja baya, ya ɗirka ta, ta karya yatsan, ta wuce ta fasa raga. A gaskiya yatsan ya karye, kuma ƙwallon Muhdar ce ta karya shi. Amma a farkon labarin ba nisa sosai aka buga ta ba. Kowace shekara mangwaron yana ƙara nisa da raga a bakin Sedek, har shi kansa ya daina tuna ainihin wurin.

"Ni an ce min igiyar koma ce ta karya shi," in ji wani daga baya.

Rusdi ne ya kashe dariyar, mijin Ija, mai gyaran injin kwalekwale, mutum mai sanyin murya wanda ba ya shiga musu. Ya ajiye kofinsa, ya kira Sedek Om, wato kawu, ya ce, "Om Sedek, ni ba raini ba ne. Bapa Muhdar surukina ne, ina ganin girmansa. Amma ɗana ɗaya ne, kuma sau ɗaya ake shafa wa yaro. Ina so ya gaji ƙafar da na gani da idona. Gani ya kori ji."

Da Sedek mai hankali ne da ya tashi ya tafi gida. Amma jini ya hau masa ka, ya ji kamar shi aka cire wa hula a kasuwa.

"To za ka gani. Juma'a bayan la'asar. Daga gindin mangwaro, ba takalmi, ni a raga."

Mama Oda ta sauke tukunyar da ke hannunta. "Sedek, a bakinka za a buga ko a ƙafarsa?"

Bai kula ta ba. Rusdi ya ce, "In ta shiga, shi zai shafa. In ba ta shiga ba, kada a ga laifina."

Sedek bai kai kwanar masallaci ba ya fara nadamar abin da bakinsa ya jawo, domin ya san abin da yaran nan ba su sani ba. Ciwon suga ya daɗe da kashe wa Muhdar jin ƙafafunsa. Da idonsa Sedek ya taɓa ganin sa yana tafiya da ƙayar kifi a dunduniya bai sani ba. Likita ya ce ko a cikin ɗaki kada ya taka ƙasa ba takalmi, kuma kowace yamma Ija takan zo ta duba masa tsakanin yatsu kamar mai neman kwarkwata. Yanzu Ija tana jego a gidan mijinta, ba ta fita. Shi kuma Sedek ya je ya ce ba takalmi. Ba zai iya cewa da takalmi ba ma, don tsofaffin garin sun yi shekaru suna faɗin cewa takalmi ne ke yi wa yaran yanzu wasa. In Muhdar ya sa takalmi, an ci su tun kafin ya buga.

Ya sami Muhdar a ƙofar gida yana juya kanumfarin da ya shanya a tabarma, da safa da silifa a ƙafarsa. Sedek ya zauna a kan turmi ya faɗa masa komai, bai ƙara ba bai rage ba, abin da ba al'adarsa ba ne.

"A gaban mutane ka faɗa?" in ji Muhdar.

"Rumfar cike take."

"To ai an gama."

"Ba a gama ba. Gobe in koma in ce gahawa ce ta yi min yawa. Kowa ya san bakina. Su yi min dariya kwana biyu su manta."

"Su yi maka dariya, su kira Safrin."

Muhdar ya ci gaba da baza kanumfarinsa da tafin hannu, a hankali.

"Na kalli yaron a talabijin ɗin Mama Oda," ya ce. "Ya iya. Akwai abin da yake yi da ƙafar hagu wanda ni ban taɓa yi ba."

"Kada in ƙara jin wannan a bakinka."

"Kai ne ka damu da wanda ya fi, Sedek. Ni na manta yadda nake bugawa ma, a bakinka nake ji, wani lokaci har in ce ashe haka na iya. Abin da na sani, na riƙe ƙafar 'ya'yan garin nan kaf. Ɗan liman, ɗan ɓarawo, har Rusdin da ke magana. Ban taɓa riƙe ta jinina ba. Sau ɗaya ɗin nan ne, kuma ba na jin zan ga na biyu."

"Ƙafarka fa?"

"Tana nan. Ba ta ce komai ba." Ya ɗago ya kalle shi. "Kada Ija ta ji."

Ija ba ta ji ba. Mazan garin da ba sa iya riƙe sirrin farashin kifi, wannan karon suka riƙe, har mijinta. Kowa yana son ya ga wasan.

Ranar Juma'a filin ya cika kamar ana wasan ƙarshe. An yi ruwa da safe, ƙasar ta yi laushi, ga tsakuwar murjanin teku mai kaifi tana leƙowa nan da can a inda ciyawa ta cinye. Safrin ma ya zo, ya ratsa mutane ya kama hannun Muhdar ya kai goshinsa.

"Tete, kai ka shafa min tawa," ya ce, a hankali don kada a ji. "Ni ba zan je sunan nan ba. Na gaya wa Yaya Rusdi. Ka shafa wa jikanka, a bar wannan abin."

Mafita ce ta samu, kuma Sedek da ke tsaye a gefe ya ji kamar ya rungume yaron. Amma Muhdar ya zare hannunsa.

"Sadaka kake ba ni?"

"A'a, Tete."

"Ba a bar wa mutum ciyawa don tausayi. In ka ƙi zuwa, za a ce Safrin ya ji ƙan tsoho, kuma yaron ya girma ana gaya masa haka. Matsa ka ba ni wuri."

Ya zauna a saiwar mangwaron ya cire silifa, ya cire safa, ya naɗe su tare ya ajiye. Ƙafafun sun yi fari fat kamar na wanda ya daɗe a ruwa. Sedek ya ɗingisa zuwa raga. Da ya juyo ya hango abokinsa can nesa, ƙarami, sai ya ga irin nisan da bakinsa ya ɗora wa mutumin. Ya ƙudura a ransa cewa ko yaya ƙwallon ta zo zai bar ta ta shiga.

Ta farko ko rabin hanya ba ta kai a sama ba. Ta faɗo ta yi ta gangarowa cikin laka, tana tafiya kamar tsohuwa mai zuwa gaisuwar mutuwa, har ta iso bakin raga. Sedek ya jefa kansa ɗaya gefen. Ƙwallon ta shiga, filin ya fashe da dariya, wasu har da riƙe ciki.

"Tete Sedek ya ci hanci," in ji Hamja.

Muhdar bai yi dariya ba. Muryarsa ta ratso filin, muryar da aka yi shekaru ba a ji ya ɗaga ba. "Sedek! In ka ƙara yi min haka babu ni babu kai. Jefo ta."

Ya jefa masa. Ta biyu ta yi gefe ta shiga gonar rogo. A ta gaba ƙafarsa ta daki ƙasa kafin ta sami ƙwallon, laka ta tashi, ya yi tangaɗi har wani ya tare shi. Dariyar ta fara mutuwa, ta koma irin shirun da mutane ke yi in sun gane abin da suka zo kallo bai dace a kalla ba. Rusdi ya matsa kusa yana cewa Bapa ya isa haka. Muhdar ya ture shi da gwiwar hannu, ya gyara zaman ƙwallon, ya ja baya.

Sedek ya gane tun daga yadda Muhdar ya sunkuyar da kafaɗa. Jikinsa ya tuna kafin kansa ya tuna. Ƙwallon ta tashi ba ƙara, ta yi kamar za ta fita waje, sannan ta lanƙwaso ta sauko. Wannan karon da gaske ya miƙa hannu, da iyakar abin da ya rage a gwiwarsa, kuma ko kusa bai kai ba. Ta wuce ta ƙarƙashin sandar sama ta kwanta a raga.

Aka yi ihu har awakin bakin fili suka watse. Yara suka ruga suka kewaye Muhdar, Safrin ya ɗora hannu biyu a ka, Rusdi yana girgiza kai yana murmushi kamar wanda aka sauke wa kaya. Sedek yana zaune a cikin laka, hawaye na zubo masa, kuma rabonsa da irin wannan daɗin tun yana saurayi. Ya ja jiki ya ɗauko ƙwallon don ya kai. A farar fatarta ya ga jini.

Kafin ya iso, Muhdar ya riga ya mayar da safarsa. Babu wanda ya lura. A gida, bayan mutane sun watse, Sedek ya sa shi ya cire. Farcen babban yatsan dama ya tafi gaba ɗaya, kuma murjani ya tsaga ƙasan yatsan, laka ta shige ciki.

"Tashi mu je asibiti."

"Su riƙe ni?" in ji Muhdar. "Ka san su. In suka ga ƙafar mai suga ba sa saki. A yi suna ina kwance a birni? Bayan suna na je da ƙafata."

"Muhdar, wannan ba abin wasa ba ne."

"Ba ta min ciwo. Kawo ruwan gishiri."

Nan ne ya kamata Sedek ya taka zuwa gidan Rusdi ya buga ƙofa ya gaya wa Ija. Gidan ba nisa. Amma ya duba fuskar abokinsa ya ga wani haske da ya daɗe bai gani ba, kuma ya san in ya faɗa shi ne zai ƙwace masa abin da ya saya da tsada haka. Akwai tsoro ma a ciki, don ya san wanda Ija za ta fara tambaya. Ya kawo ruwan gishiri. Ya wanke, ya ɗiga man kanumfari, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, yana ce wa kansa 'yan kwanaki ne kawai.

Kullum da safe yakan zo ya kwance ya sake ɗaurewa. Yatsan ya kumbura, ya yi ja, sannan ya fara duhu. Duhun ya haura kan ƙafar. Muhdar ya daina zuwa masallaci don kada a ga ba ya cire safa wurin alwala, ya ce wa mutane cinyarsa ce ta riƙe tun ranar bugun, aka yi dariya aka ce ai dole. A rumfar Mama Oda kuwa musu ya ƙare. Wani ya ɗauki bugun a waya, ana ta miƙa wa juna, kuma Hamja da kansa yake cewa in tsoho zai yi wannan da furfura, to da ƙuruciya sai dai a yi shiru. Abin da Sedek ya yi rabin rayuwarsa yana nema ke nan. Yana zaune a cikinsu gahawarsa na hucewa, warin tsumman da ya ƙona da safe bai bar hancinsa ba.

Ana saura kaɗan suna, dangin Seram har sun sauka, Mama Oda ta kai wa Muhdar kyafaffen kifi da tuwon sagu. Ta same shi kwance yana rawar sanyi da rana tsaka, yana kiran sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa. Hancinta ya gaya mata sauran. Ba ta nemi shawarar namiji ko ɗaya ba, ta wuce kai tsaye gidan Rusdi.

Ija ta fito daga jego da zanin wanka a ƙirji, mata na bin ta da mayafi. Sedek yana ɗakin lokacin da ta durƙusa ta zare safar. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kalli ɗaurin tsumman, irin ƙullin da masu tsaron raga ke yi wa yatsunsu.

"Om Sedek, kai ka ɗaure wannan?"

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'ar."

"Wace Juma'a?"

Ta juya ta kalli mijinta da ke bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. A nan ta ji labarin duka, a gutsure, daga bakin mata. Aka ɗauko motar mai kai kifi birni aka shimfiɗa Muhdar a baya.

A asibiti likita bai tsaya dogon bayani ba. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ba a ƙara ɗaga suna ba, tunda baƙi sun ƙetaro teku kuma an riga an sayi awaki. Aka yi yanka, liman ya yi addu'a, aka aske gashin jaririn aka zuba cikin ruwan kwakwa. Sedek yana can ƙarshen tabarma inda ba a ganin sa sosai. Sai wani kawun Rusdi ya shigo da farantin ciyawa, ɗanya shar, ya tsaya yana waige-waige. Ido ya koma kan Safrin, wanda bai so zuwa ba aka matsa masa. Yaron ya noƙe kamar zai shige bango.

Ija ce ta fito daga cikin mata ta karɓi farantin. Ta ratsa maza ta fita tsakar gida, ta juye shi a gaban akuyar maƙwabta. Ta dawo ta ɗauki ɗanta daga hannun liman, ta naɗe ƙafafunsa da zani har ba a ganin ko yatsa. Sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma ko na bakin ƙofa ya ji. Aka ci abinci shiru kamar a gidan makoki.

Wani ya kamata ya je ya gaya wa Muhdar, kuma kowa ya sami uzuri. Sedek ya hau motar haya washegari.

Ya same shi a gadon ƙarshe kusa da taga. Zazzaɓin ya sauka, fuskar ta zurma, bargon ya kwanta shafal a inda ƙafar dama ta kamata ta ɗaga shi. Sedek ya zauna ya ajiye ayabar da ya kawo. Ya yi ta shirya kalaman neman gafara tun daga Hatulesi, amma Muhdar bai ba shi wuri ba.

"An yi?"

"An yi."

"Wane suna?"

"Naka."

Muhdar ya lumshe ido na ɗan lokaci. "Safrin ne ya shafa?"

Ƙarya tana nan a bakin Sedek, a shirye, har ya ji ɗanɗanonta. Zai iya cewa an ajiye ciyawar ana jiran sa, garin duka ya ce ba mai taɓa yaron sai Tete Muhdar. Mutumin zai yi barci da daɗi ko na mako guda ne. Amma ya kalli bargon, ya ji ba zai iya ƙara ɗora masa komai daga bakinsa ba.

"Babu wanda ya shafa. Ija ta ba akuya."

Muhdar ya yi ɗan sautin da ya yi kama da dariya. "Uwarta sak." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Ba komai. Ai ba a ce dole sai ranar suna ba. In na koma ka tsinko min, ta bakin ragar gabas ta fi laushi. Da hannu ake shafawa, hannuna kuwa likitoci ba su taɓa shi ba."

"Muhdar."

"Me?"

"Ta yi magana a gaban mutane. Ta ce muddin tana numfashi ɗanta ba zai taka filin nan ba, kuma babu mahalukin da zai sa masa ciyawar nan a ƙafa. Ta rantse da Allah."

Aka wuce da wani mara lafiya a keken asibiti, tayar na ƙara har ya ɓace. Muhdar yana kallon silin.

"Har ni?"

Sedek ya matso kusa da gadon.

"Ta ce musamman kai."

Muhdar ya juya fuskarsa wajen taga, Sedek kuma ya zauna a gefensa har aka zo aka ce lokacin masu dubiya ya ƙare.